Na sa CONFIG_KPROBES=y amma olddefconfig yana share shi, ina matsalar take?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata 'yar na'ura da na haɗa a kan Raspberry Pi 4. Aikinta ta karanta bayanan inbata da batiran sola ta wayar USB, ta ajiye, in an samu netwok ta tura. Kanel ɗin Linux 6.1 ne, a laftof ɗina nake harhaɗa shi don arm64. Tun farko na rage masa kaya sosai don ya riƙa tashi da wuri, har CONFIG_MODULES na kashe, komai yana cikin Image guda.

Yanzu ɗaya daga cikin furosesa huɗun kullum a cike yake, allon yana zafi, kuma in na buɗe top sai in ga yawancin lokacin a ɓangaren kanel yake tafiya, ba a manhajata ba. Ina so in sa perf da bpftrace in ga wane fankishan ne yake cinye shi. Na bi wani bayani da na gani a intanet na rubuta wannan guntun fayil:

CONFIG_PROFILING=y
CONFIG_OPROFILE=y
CONFIG_PERF_EVENTS=y
CONFIG_KPROBES=y
CONFIG_KPROBE_EVENTS=y
CONFIG_BPF_SYSCALL=y
CONFIG_BPF_EVENTS=y
CONFIG_DEBUG_INFO=y
CONFIG_DEBUG_INFO_BTF=y

Na liƙa shi a ƙarshen .config, na yi make ARCH=arm64 olddefconfig. Da na duba da grep, PROFILING da PERF_EVENTS da BPF_SYSCALL suna nan, DEBUG_INFO ma yana nan amma dama can yana nan. Sauran biyar ɗin ko sama ko ƙasa. Ba ma a rubuta "is not set" a gabansu ba, layukan ne suka ɓace ɗungurungum, kuma make bai ce mini uffan a kansu ba. Na ɗauka PROFILING ne uban gayyar, in ka kunna shi sauran za su biyo. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka, harhaɗawa ɗaya tana cin mini kusan rabin cajin laftof, ba na son in ci gaba da lalube.

Bagobiri ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka. Buɗe arch/arm64/Kconfig, ka je ƙarƙashin config ARM64 inda jerin select ɗin nan yake, ka ƙara select KPROBES da select BPF_EVENTS da select DEBUG_INFO_BTF. Abin da aka yi wa select ba mai iya kashe shi, ko olddefconfig ɗin. Na taɓa yin haka da wani direba kuma ya zauna.

Malam Na-Tudu ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Fagge, dakata tukuna, kar ka taɓa arch/arm64/Kconfig. Zan dawo kan shawarar Bagobiri a ƙasa.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne .config ba umarni ba ne, roƙo ne. Duk lokacin da ka yi olddefconfig, Kconfig, tsarin da ke kula da zaɓuɓɓukan kanel, yana karanta abin da ka roƙa, ya gwada shi da sharuɗɗan da ke rubuce a fayilolin Kconfig na cikin kanel ɗin, ya sake rubuta fayil ɗin daga farko. Zaɓin da sharaɗinsa na depends on bai cika ba, a wurinsa babu shi ma, shi ya sa ko "is not set" ba ka gani ba. Biyar ɗin da suka ɓace maka kuma ba dalili ɗaya ya ɓatar da su ba.

OPROFILE shi ne mai sauƙi: babu shi. An cire OProfile daga kanel a 5.12, shekarar 2021. Bayanin da ka bi tsoho ne. Kconfig in ya ga sunan da bai sani ba, watsar da shi yake yi ya wuce. Wannan ne ma asalin ruɗanin da ka samu game da PROFILING. A da OPROFILE yana da depends on PROFILING, shi ya sa tsofaffin bayanai suke farawa da shi. Yau abin da PROFILING yake yi kaɗan ne: yana shigo da kernel/profile.c, wato tsohon ma'aunin nan na /proc/profile da ake kunnawa da profile=2 a layin tashi a karanta da readprofile, sannan a init/Kconfig an rubuta wa PERF_EVENTS default y if PROFILING. Iyakarsa ke nan. Shi perf, tun da ya shigo a 2.6.31 a 2009, sharaɗinsa na gaskiya HAVE_PERF_EVENTS ne, wanda arm64 yake bayarwa da kansa. Ba ruwan kprobes ko BPF da PROFILING.

KPROBES kuwa, wato hanyar dasa abin sa ido a cikin fankishan na kanel yana kan aiki, kai ka rufe masa ƙofa tun ranar da ka kashe MODULES. A 6.1, in ka duba arch/Kconfig, za ka ga depends on MODULES da depends on HAVE_KPROBES a ƙarƙashinsa. Sai a 6.10 aka raba su, bayan an ware wa kanel hanyar samun ƙwaƙwalwar da za a iya gudanar da umarni a cikinta ba tare da an bi ta kayan modul ba. Tunda kana kan 6.1, ko dai ka kunna MODULES, ko ka haƙura da kprobes. Kunna MODULES ba ya nufin dole direbobinka su koma modul; duk abin da yake =y zai zauna =y.

KPROBE_EVENTS da BPF_EVENTS suna cikin kernel/trace/Kconfig, kuma suna tsakanin layin if FTRACE, zaɓin kayan bibiyar kanel, da endif ɗinsa. Duk abin da ke cikin wannan shingen ya gaji depends on FTRACE ko da ba a rubuta a jikinsa ba. Yi grep FTRACE .config. Na yi imani za ka ga wannan:

# CONFIG_FTRACE is not set

Mutane da yawa suna ganin alamar # su ɗauka sharhi ne kawai. Ba sharhi ba ne, Kconfig yana karanta shi a matsayin amsa: an tambaye ka, ka ce a'a. FTRACE yana da default y if DEBUG_KERNEL, amma default na wanda bai ba da amsa ba ne. Da zarar wannan layin yana nan, default ɗin ya tashi aiki.

BPF_EVENTS kuma yana da wani abu na daban. Je ka karanta shi, za ka ga bool ne tsura, babu rubutun tambaya a gabansa. Zaɓin da ba shi da tambaya ba ya karɓar amsa daga mutum, ko ka rubuta =y sau goma. Shi yake kunna kansa in BPF_SYSCALL yana nan, PERF_EVENTS yana nan, sannan akwai ɗaya daga cikin KPROBE_EVENTS ko UPROBE_EVENTS. Cire shi daga guntun fayil ɗinka, ka cika masa sharuɗɗan kawai. DEBUG_INFO ma haka ya koma tun 5.18: an cire masa tambaya, an mayar da abin zaɓi tsakanin DEBUG_INFO_NONE, DEBUG_INFO_DWARF_TOOLCHAIN_DEFAULT, DEBUG_INFO_DWARF4 da DEBUG_INFO_DWARF5, kuma wanda ka ɗauka cikin ukun ƙarshe shi yake kunna DEBUG_INFO. Naka da ka gani yana nan, ba layinka ne ya kawo shi ba.

DEBUG_INFO_BTF, mai sa BTF (taƙaitaccen bayanin tsarin struct na kanel), ba ya zama tare da DEBUG_INFO_REDUCED ko DEBUG_INFO_SPLIT. Masu son harhaɗawa ta yi sauri sukan kunna REDUCED, duba ko naka haka yake.

Duk wannan da na jero ba daga ka na haddace ba, kuma kai ma ba sai ka haddace ba. Yi make ARCH=arm64 menuconfig, danna /, rubuta KPROBE_EVENTS. Zai nuna maka layin Depends on, kuma kowane suna a ciki da ƙimarsa ta yanzu a gefensa, kamar FTRACE [=n] && KPROBES [=n]. Wanda ka ga =n shi za ka sake nema da /, ka yi ta bi har ka kai wanda ba abin da ya tare shi. Daga can za ka fara kunnawa ka gangaro. Akwai kuma layin Selected by, mai nuna wa ya tilasta kunna abu in ka ga ya ƙi kashuwa. In ka danna Z a menuconfig, har zaɓuɓɓukan da aka ɓoye zai fito maka da su.

Sannan ka daina liƙa guntun fayil da hannu. Akwai abin da aka yi don wannan aikin a cikin kanel ɗin:

ARCH=arm64 CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu- scripts/kconfig/merge_config.sh .config awo.cfg

awo.cfg shi ne guntun fayil ɗinka. Bayan ya haɗa ya gudanar da make, yana komawa ya bi abin da ka roƙa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda bai samu shiga ba ya rubuto maka "Value requested for CONFIG_KPROBES not in final .config", ya nuna abin da ka nema da abin da ya fito. Da shi ka yi amfani, da tun ranar farko ka ga sunayen biyar ɗin a allo. Ka kula da -m: in ka sa shi, haɗawa kawai zai yi ya tsaya, ba zai yi wannan binciken ba, kuma bayanai da yawa a intanet da -m suke rubuta shi.

To, Bagobiri, ka yi haƙuri, amma wannan shawarar ba zan bari ta wuce ba. Gaskiya ne abin da aka yi wa select yana kunnuwa. Yadda yake kunnuwar ne abin tsoro: select ba ya duba depends on na wanda ya kama, tsallake shi yake yi. Takardar Documentation/kbuild/kconfig-language.rst da kanta ta ja kunne a kan haka, ta ce a riƙa yin select a kan zaɓuɓɓukan da ba su da tambaya kuma ba su da sharaɗi. In Ɗan Fagge ya yi select KPROBES alhali MODULES a kashe, Kconfig zai buga "WARNING: unmet direct dependencies detected for KPROBES" ya ci gaba abinsa. Daga nan ko dai harhaɗawar ta tsaya a tsakiya da kuskuren da ba ya kama da asalin matsalar, ko kuma, wanda ya fi muni, ta wuce lafiya ya samu kanel ɗin da ba wanda ya taɓa gwada irinsa. Kamar ka tsallake fiyus ne da guntun waya don wuta ta kawo: za ta kawo, amma abin da aka sa fiyus ɗin dominsa yana nan. Kuma mutumin da yake neman ya auna kanel shi ya fi kowa buƙatar kanel ɗin da zai yarda da shi. Select BPF_EVENTS ba tare da FTRACE ba ya fi wannan rashin ma'ana, don kayan da yake dogara da su ma ba a harhaɗa su ba.

In mutum yana rubuta Kconfig na direbansa ne, yana son wani abu ya kunnu tare da shi amma ba dole ba, akwai imply da Nicolas Pitre ya kawo a 4.10. Shi yana ɗaga default ne kawai, mai amfani yana iya kashewa. Amma Ɗan Fagge ba direba yake rubutawa ba, ba shi da dalilin gyara fayil ɗin Kconfig ko ɗaya.

Bagobiri ya rubuta:

Na ji, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma ai shi kansa x86 select PERF_EVENTS yake yi a arch/x86/Kconfig, kuma PERF_EVENTS yana da tambaya yana da depends on. Ko su doka ba ta hau kansu ba?

Malam Na-Tudu ya rubuta:

Tambaya mai kyau. Duba jerin nan dai, za ka ga select HAVE_PERF_EVENTS yana ciki shi ma. Sharaɗin PERF_EVENTS guda ɗaya ne, kuma wanda ya yi select ɗin shi ya cika shi da hannunsa, don haka ba abin da aka tsallake. Abin da ya biyo baya shi ne a x86 ba ka isa ka kashe perf ba, a menuconfig za ka gan shi da -*- a gabansa. Sun zaɓi haka da saninsu. Wanda zai yi select, shi ke da alhakin tabbatar da duk sharuɗɗan abin da ya kama, yau da kuma bayan an canza su a sigar gaba. Wannan nauyin ne ba na so Ɗan Fagge ya ɗora wa kansa saboda awon kwana biyu.

Yar Sabon Gari ta rubuta:

Sannunku da aiki. Malam ya gama da batun sharuɗɗa, ni ƙari zan yi ta ɓangaren wanda zai kai na'ura hannun mutane.

Ɗan Fagge, kafin ka shiga wahalar BTF, ka gwada abin da kake da shi. PERF_EVENTS ya riga ya shiga. Ka tashi allon da shi ka yi dmesg | grep perfevents. A Pi 4 ya kamata ka ga layi mai cewa an kunna direban armv8_cortex_a72 da maƙirga 7, shida na gama-gari da ɗaya na zagayen furosesa. In ka gan shi, perf top a matsayin root ya isa ya faɗa maka fankishan ɗin da ke cin lokaci, perf record -a -g kuma ya nuna maka wa ya kira shi, tunda arm64 da FRAME_POINTER a kunne yake zuwa. In ba ka ga layin ba kuma perf stat yana cewa cycles "not supported", to ba lallai Kconfig ba ne. Duba ARM_PMU, in yana nan sai ka duba dtb ɗin da kake tashi da shi, fayil ɗin da ke bayyana wa kanel kayan allon, ko akwai bayanin PMU (sashen maƙirgan furosesa) a ciki, mai arm,cortex-a72-pmu. Direba yana iya kasancewa a cikin kanel ya rasa abin da zai kama. Na ce root ne saboda perf_event_paranoid a 2 yake zuwa, kuma a haka mai amfani na gama-gari ba ya ganin ɓangaren kanel, adireshin /proc/kallsyms ma sifili zai gani.

Tambayar "wa ke cin furosesa" perf ne mai amsa ta. Kprobes da bpftrace na lokacin da ka san fankishan ɗin ne kana son sanin sau nawa ake kiransa da kuma da me. BTF kuma sai in za ka yi amfani da kayan da ke neman /sys/kernel/btf/vmlinux, ko kana son bpftrace ya san tsarin struct ba tare da ka kai masa fayilolin kanel ba. In ka kunna shi, dole pahole, manhajar da ke fitar da BTF, ya kasance a laftof ɗin da ke harhaɗawa, 1.16 ko sama, 1.21 in DWARF5 ka ɗauka. A Debian da Ubuntu ka nemi kunshin dwarves ko pahole. In babu shi, a 6.1 sai an harhaɗa komai an zo haɗa vmlinux sannan zai faɗi, ga ka da batun caji. Ka kuma sani DWARF, bayanan da DEBUG_INFO ke samarwa, a vmlinux yake tsayawa, ba ya bin Image zuwa allo, amma BTF yana bi, yana ƙara masa 'yan megabait.

Na lura a umarninka ARCH kawai ka sa, babu CROSS_COMPILE. Tun 4.18 Kconfig yana tambayar kwamfailar (manhajar harhaɗawa, irin gcc) kanta abin da take iyawa, kuma amsar tana shiga cikin sharuɗɗa. In ka yi olddefconfig da gcc na laftof sannan ka harhaɗa da na aarch64, za a sake lissafin, wani lokaci har ya tsaya yana yi maka tambayoyi. Ka yi export ɗin su biyun sau ɗaya a farkon aiki ka huta.

Kada kuma wani bayani ya ja ka zuwa GCOV_KERNEL don ka ga GCOV_PROFILE_ALL a kusa da shi. Wannan na ƙirga layukan da aka bi ne, ba na auna lokaci ba, kuma yana sa kanel nauyi har awon naka ya karkace.

Ni yadda nake yi: defconfig ɗaya na na'urar da za ta fita, wanda na samu daga make savedefconfig, sai guntun fayil na awo a gefe da nake ɗorawa in ana bincike. A Buildroot wurin sa shi BR2_LINUX_KERNEL_CONFIG_FRAGMENT_FILES. Duk lokacin da na ɗaga sigar kanel sai na gwada tsohon .config da sabo da scripts/diffconfig, don irin abin da ya faru da DEBUG_INFO a 5.18 ba ya sallama in zai zo. A na awon ina sa IKCONFIG da IKCONFIG_PROC, saboda in allo yana gabana in yi zcat /proc/config.gz in san ainihin abin da ke cikinsa, ba abin da nake tsammani ba.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Malam, Yaya, Allah ya saka da alheri. FTRACE a "is not set" yake kamar yadda Malam ya faɗa, REDUCED kuma a kunne. Guntun fayil ɗin yanzu ya koma haka:

CONFIG_PERF_EVENTS=y
CONFIG_MODULES=y
CONFIG_KPROBES=y
CONFIG_FTRACE=y
CONFIG_KPROBE_EVENTS=y
CONFIG_BPF_SYSCALL=y
CONFIG_IKCONFIG=y
CONFIG_IKCONFIG_PROC=y

merge_config.sh bai yi ƙorafin komai ba. BPF_EVENTS ya fito da kansa, UPROBE_EVENTS ma ya fito ban roƙe shi ba. BTF na bar shi tukuna.

Layin maƙirga 7 ɗin yana nan a dmesg. perf record -a -g ya nuna kusan duk lokacin furosesan nan a hanyar shiga da fita kiran read ne da kayan tty, kuma manhajata ce mai kiran. Laburaren da nake karanta inbatar da shi yana buɗe /dev/ttyUSB0 ba tare da jira ba, yana ta zagaye yana tambaya ko akwai bayani. Na sa poll a gabansa, furosesan ya sauka.

Tambaya ɗaya ta rage. In na ƙara FUNCTION_TRACER, zan iya barinsa a kanel ɗin da zai tafi wurin masu na'urar, ko zai rage gudu?

Malam Na-Tudu ya rubuta:

Madalla. Kana iya bari, da sharaɗin DYNAMIC_FTRACE ya fito =y tare da shi. FUNCTION_TRACER yana sa kwamfaila ta bar gurbi a farkon kusan kowane fankishan. Da DYNAMIC_FTRACE, gurbin yana zama umarnin nop har sai ranar da ka kunna bibiyar ta /sys/kernel/tracing, kuma manyan rabe-raben Linux a haka suke fitar da kanel ɗinsu. In babu shi, kowane fankishan sai ya yi kiran ko ana bibiya ko ba a yi. DYNAMIC_FTRACE yana da default y, amma duk da haka bayan merge_config.sh ka yi grep DYNAMIC_FTRACE .config ka gani da idonka kafin ka harhaɗa. Image zai ɗan ƙara girma, ka duba ko lokacin tashin da ka damu da shi ya motsa.